Liyej, Garin da Ake Auna Mutum Kafin a Ƙera Masa Bindiga

Harkar motoci ce ta kai ni Beljiyam. A shekarun da gadar Gaya da Malanbil take buɗe, kafin rufewar 2023, mota kan tashi daga unguwar Heyvaert ta Burasels, ta shiga jirgin ruwa a Anbers, ta sauka Kwatano, ta hauro arewa har ta ƙetare Kwara ta shigo mana. Ni mutumin Zabori ne, a gundumar Junju cikin jihar Dosso, kuma na daɗe ina tarbar motocin nan a bakin gada, sai Allah ya nufa na je na ga inda suke tasowa. Da na kammala abin da ya kai ni, ɗan yayata da ke aiki a Liyej ya bugo waya ya ce, "Kawu, kada ka koma gida ba ka ga garin maƙera ba. Kai da ka tashi a bakin zugazugi!" Ya san lagona. Kakana na wajen uwa maharbi ne, kuma maƙerar da ke gyara masa bindiga tana bayan gidanmu. A can na yi ƙuruciyata, ina jan zugazugi ana ba ni gyaɗa.

Tafiyar daga Burasels kamar awa guda ce a jirgin ƙasa. Da na sauka tashar Guillemins sai na tsaya ina neman bango, na rasa. Wani farin rufi ne na ƙarfe da gilashi ya tashi sama, ya lanƙwasa, ya je ya sauka can nesa, ba katanga ba ƙofa. Ruwa na zuba ba ya taɓa ni, ga iska tana shigowa ta ko'ina, na kasa gane ko a ciki nake ko a waje. A tashar motar Gaya rumfar kwano ce ke raba mu da rana, kuma ko makaho ya san inda ta ƙare. Ɗan yayata ya iske ni ina ɗaga kai kamar mai duban wata. Ya ce wani magini ɗan Sifaniya, Santiago Calatrava, shi ya zana ta, aka buɗe ta a 2009. Na ce Allah ya yi wa hannunsa albarka.

Kogin garin, Meuse, bai kai Kwara faɗi ba a wajen Gaya, amma an ɗaure shi da dutse gefe da gefe, kuma dogayen jiragen dakon kaya na ratsa shi a hankali, wasu da labule a taga da ƙaramar mota ɗaure a bisa rufi, domin mai jirgin da iyalinsa a ciki suke zaune. Namu kogin yana ja da baya da rani, ya cinye gonakin shinkafa in ya ga dama. Wannan kuwa sai ka ce an ja masa kunne. Mun hau wata matakala mai hawa 374 da suke kira Bueren, gidaje na dama da hagu, ga tsofaffi na hawa da ledar cefane. Daga can sama na ga garin duka kwance a cikin kwari.

Kafin komai ya kai ni gidan tarihi na Grand Curtius, wani jan gini na bulo a bakin kogi. Mai gidan na asali, Jean Curtius, attajiri ne da ya yi dukiyarsa da sayar wa sojojin Sifaniya albarushi da kayan yaƙi, ya gina shi wajen shekarar 1600. A cikinsa aka jera bindigogin garin na ɗaruruwan shekaru. Na shiga da tunanin na san bindiga. Na ga wadda aka shafe ƙotarta da hauren giwa, na ga wadda aka dasa wa zaren zinariya a jikin ƙarfe, na ga wadda aka zana wa karnuka suna bin barewa a wurin da bai fi tafin hannun yaro ba, har gashin wuyan karen ana iya ƙirgawa. Wani bututun bindiga ya tsayar da ni: jikinsa duk wasu layuka ne masu murɗewa kamar ruwa na juyawa. Na ɗauka fenti ne. Ashe ƙarfe iri biyu ne, mai taushi da mai tauri, aka murɗa su tare aka yi ta duka har suka zama jiki ɗaya, kuma maƙeran kwarin Vesdre, wajen wani gari Nessonvaux, su ne suka shahara da wannan aiki. Na taɓa riƙe takobin Agadas da zanensa ya sa na yi shiru, na kuma ga sirdin sarauta da aka yi wa ado da azurfa. Wannan ya wuce duk abin da idona ya taɓa gani a jikin ƙarfe.

A nan na fahimci yadda garin ya yi suna. A da, bindiga ɗaya ba mutum ɗaya ke yin ta ba. Wannan gida bututu kawai suke yi, wancan kunama da abin da ke motsa ta, na gaba su sassaƙa ƙota, wani kuma zane ne gadonsa, ana yawo da sassan daga gida zuwa gida har ta haɗu. Kowa ya ƙware a abu guda tun daga kakansa. Maƙerinmu na bayan gida shi ne mai bututu, shi ne mai kunama, shi ne masassaƙi, kuma da safe lauje da fartanya yake yi.

Abin da ya fi zama mini a rai ya faru ne ranar Asabar. Ɗan yayata na da abokin aiki, wani saurayi ɗan ƙasar mai aikin lantarki, wanda ya daɗe yana tara kuɗi don a ƙera masa bindigar farautarsa ta farko, ba ta kanti ba, wadda za a yi dominsa shi kaɗai. Ranar ce zai zauna da maƙerin su yanke magana, kuma da ya ji ni jikan maharbi ne sai ya ce lalle mu tafi tare.

Maƙerar tana wani lungu, ba allo babba a ƙofa. Sai da muka danna ƙararrawa aka leƙo mu ta wata na'ura kafin a buɗe. Na shiga ina jiran zafin wuta da ƙamshin gawayin ƙirya. Babu wuta, babu uwar maƙera a tsakar ɗaki. Dogon tebur ne a gindin taga, magagari jere a bango sun fi hamsin, daga mai kaurin damtse har wanda bai fi tsinken sakace ba, wurin na ƙamshin mai da itace. Maigidan dattijo ne mai furfura, da tabarau biyu rataye a wuya. Muka gaisa da Faransanci. Da ya ji daga Nijar nake sai ya sake riƙe hannuna, ya ce in zauna kusa da shi.

Saurayin ya fito da kaye, shafi ya cika da lissafi da hotunan da ya manna. Dattijon bai ko duba ba. Ya ce, "Takardunka fa?" Na yi mamaki, don a wurinmu ciniki da gaisuwa yake farawa, sannan kuɗi. Saurayin ya miƙa izinin farautarsa. A yankin nan na Waloniya mutum ba ya samun wannan izini sai ya ci jarrabawa ta rubutu da ta aiki: ya san dabbobin daji da lokacin da aka halatta kowace, ya san doka, ya nuna a gaban masu dubawa cewa ya iya riƙe bindiga cikin mutane ba tare da bakinta ya kalli kowa ba. Sai kuma inshora, wadda dole ce. Tun dokar makamai ta 2006 aka ƙara tsaurara al'amarin, kuma bindigar da za a ƙera ɗin sai an shigar da lambarta cikin rajistar ƙasa da sunan mai ita.

Daga nan tambayoyi suka biyo baya, kuma har yanzu ba a ambaci kuɗi ba. Me za ka harba? A wane daji? Daga wane nisa? A tsaye ko a zaune? Saurayin ya ce aladen daji a dazukan Ardennes, inda masu kora da karnuka ke taso su a guje cikin itatuwa, sai kuma wata ƙaramar barewa da ake dako da asuba daga kan wani ɗan bene na katako. Amma abin da ya rubuta a kaye harsashi ne babba, .375 na kamfanin Holland & Holland, wanda aka fito da shi a Landan a 1912 don manyan namun dajin Afirka. Dattijon ya juyo gare ni ya ce, "Ga mutumin Afirka nan, tambaye shi ko akwai ɓauna a Ardennes." Na ce ɓauna tana gandun dajin W, yamma da Gaya, kuma ko can ɗin ba mai taɓa ta. Duka muka yi dariya, har saurayin. Sai dattijon ya yi masa lissafin da ban taɓa jin mai sayarwa ya yi ba: kuɗin kowane harsashi na babbar, sau nawa zai yi atisaye a shekara, da yadda dukan da take yi wa kafaɗa ke sa sabon maharbi ya riƙa runtse ido kafin ya ja kunama. Ya ba shi shawarar 7x64, wanda Bajamushe Wilhelm Brenneke ya ƙirƙira a 1917, ya ce ya isa alade, ya isa barewa, kuma duk kantin maharba da ya shiga zai same shi.

Saurayin ya kwance wani ƙunshi. Tsohuwar bindigar kakansa ce, samfurin Mauser 98 ƙirar masana'antar FN, ƙotar ta tsage, bututun ya cinye. Dattijon ya zare uwar bindigar, wato ƙarfen tsakiya da ke karɓar harsashi ya kulle shi, ya kai ta gaban taga ya daɗe yana juyawa, ya saurari ƙararta a kusa da kunne. Ya ce in awo ya tabbatar da abin da idonsa ya gani, a kan wannan za a gina sabuwar, kuma kaso mai tsoka na kuɗin ya sauka ke nan. Fuskar yaron ta yi haske. Ni ma na ji daɗi, domin na san darajar kayan kaka.

Sai aka zo awo. Aka tsayar da shi, aka auna shi kamar yadda tela ke auna mai ɗinkin babbar riga: tsawon hannu daga gwiwa zuwa yatsa, faɗin ƙirji, tsawon wuya, inda kunci ke sauka. Aka gwada wane ido ne ya fi ƙarfi cikin biyun. Aka ba shi wata bindigar gwaji wadda ƙotarta ke da sukurori, ana tsawaita ta ana gajarta ta, ana karkata ta. Dattijon ya ce ya rufe ido, ya ɗaga ta zuwa kafaɗa, sannan ya buɗe. Ya yi ta maimaitawa, ana murɗa sukurori, har aka kai inda in ya buɗe ido sai ya tarar yana kallon daidai inda ya nufa. Ya kuma ce masa ya dawo da rigar sanyin da zai sa a daji, a sake awo da ita. Ban san lokacin da na ce "Ikon Allah!" da Hausa ba. Ɗan yayata ya raɗa mini, "Kawu, ai ba ka ga komai ba tukuna."

Gaskiyarsa. Aka buɗe wani ɗaki na baya, cike da gutattakin katako jere kan kanta, kowanne da shekara rubuce da fensir a ƙarshensa. Itacen da Faransawa ke kira noyer ne, yawanci daga Turkiyya da Faransa, kuma sai ya yi shekaru yana bushewa a inuwa kafin a sa masa gizago. Dattijon ya jiƙa tsumma ya shafa wa wani, sai ga zane ya fito, baƙi da ruwan zuma suna ninkaya cikin juna. Na shafa da hannuna. Muna da maɗaci, muna da madobiya mai jan ciki, kuma ba na raina su, amma ba mu da al'adar ajiye itace shekara da shekaru saboda wani aiki da ba a ma kawo ba tukuna. Farashin guntun katako ɗaya yana farawa daga ɗaruruwan yuro ya kai dubbai. Saurayin ya rungumi mafi kyawun. Dattijon ya bar shi ya more, sannan ya ɗauko wani mai sauƙin zane ya nuna masa yadda jijiyar itacen ta miƙe sambal a daidai inda hannu ke kamawa, wurin da ƙota ta fi karyewa. Ya ce kyan wancan na ido ne, ƙarfin wannan na daji ne, kuma bambancin kuɗinsu zai saya masa madubin hangen nesa na kirki.

A kan madubin nan ne kaina ya ɗaure. Na ɗauka ƙari ne, irin abin da ake sayowa in kuɗi ya yi saura. Ashe na kirki, ƙirar Zeiss ta Jamus ko Swarovski ta Ostiriya, yana iya haura yuro 2,000. Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, ke nan sama da miliyan ɗaya da jika ɗari uku. A Zabori wannan kuɗin shanun huɗa biyu ne da amalanke. Na faɗa wa dattijon haka, ya jinjina kai bai yi gardama ba. Ya miƙo mini ɗaya ya ce in duba lungun da ke ƙetaren titi, inda duhun yamma ya riga ya sauka. Da idona ban ga komai ba sai inuwa. Ta cikin madubin na ga kyanwa kwance a kan taga, har launin idonta. Ya ce da asuba da almuru ake harbin barewa, kuma wanda bai ga dabba sosai ba raunata ta zai yi, ta tafi ta mutu a wahale. Wannan maganar kakana ma yana yin irinta.

Sai a lokacin ya jawo kayen saurayin, ya ɗauki jan alƙalami. Ya rubuta bututu sabo, katako, aikin hannu na sassaƙa da haɗawa, baƙanta ƙarfe, madubi da abin ɗaura shi, kuɗin gwaji na hukuma. Ya ɗora harajin TVA, kashi 21 cikin ɗari, wanda yaron ya manta a wasu layukan. Ya ja layi, ya ci gaba da abubuwan da ba a jikin bindigar suke ba: akwatin ƙarfe mai makulli na ajiya, sabunta izini da inshora duk shekara, harsashin atisaye, da kuɗin shiga ƙungiyar da ke da hayar daji, domin a can ba a shiga dajin kowa haka kawai. Ya ce a ware kashi ɗaya cikin goma a ajiye gefe, saboda tsohon ƙarfe ba ya faɗin duk abin da ke cikinsa sai an buɗe shi. Da aka tara, jimla ta haura abin da saurayin ya tara. Shiru ya ɗan ratsa. Dattijon ya kai alƙalami kan layin da aka rubuta zanen alade da ganyaye a jikin ƙarfe, aikin da kan ci makonni, ya soke shi, ya bar haruffa biyu na sunan kakan. Ku lura, a shagonsa ake yin zanen nan, ribarsa ce ya soke. Aka raba biya kashi uku: kafin alƙalami yau, na biyu in aikin ƙarfe ya kammala, cikon ranar karɓa. Yaushe ne ranar karɓar? Ya ce shekara guda, wataƙila da ɗoriya. Saurayin ya sa hannu yana murmushi, kamar an ce masa gobe.

Ina zaune ina tuna yadda ake yi a gida. Saurayi ya sare rakensa na fadamar Dallol Mawri ko ya sayar da gyaɗa, kuɗi ya shigo hannu, sai ya nemi wani babban maharbi ya raka shi wurin maƙeri da goro. Maƙerin kirki ba ya karɓar aikin sai ya san ɗan wane ne, ya san ko mai zafin zuciya ne, ya ji ko zabi da zomaye zai bi ko birai ne suka dame shi a gona, ko kuwa ta bugun Sallah da tarbar alhazai yake so. Wannan binciken shi ne jarrabawarmu, kuma ina ganin girmansa. Hannun maƙeranmu ma ba na wasa ba ne. Mutumin da zai dubi abu sau ɗaya ya fitar da irinsa da masaba da magagari biyu, da an ba shi teburin dattijon nan da ya ba Turawa mamaki. Inda muka gaza shi ne lissafi da gwaji. Duk abin da ke aljihu a kan bindigar yake ƙarewa, ba a tuna albarushi, ba a tuna gyara, ba a tuna takardar ma'aikatan gandun daji, alhali dokar farauta ta 1998 tana nan. Ƙarfen bututun kuma sau da yawa ba wanda ya san asalinsa.

Na ba dattijon labarin wani maƙwabcinmu da bindiga ta fashe a hannunsa a farautar kaka, ya rasa yatsu uku, manomi mai iyali. Bai ce komai ba. Ya tashi ya ɗauko wata tsohuwar bindiga, ya cire bututun, ya ba ni gilashin ƙara girma. A ƙarƙashin ƙarfen akwai wasu ƙananan tambura: haruffa ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai, da wani ɗan ginshiƙi. Ya ce ginshiƙin shi ne Perron, wanda ke tsaye a dandalin kasuwar garin, alamar 'yancin mutanen Liyej. Tun 1672 mai mulkin garin ya wajabta a gwada kowane bututu kafin a sayar, kuma har yau gidan gwajin yana aiki. Ana kai bindiga, a auna ta, a harba ta a killataccen ɗaki da harsashin da ƙarfinsa ya ɗara na yau da kullum da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, a sake dubawa. In ta jure a buga mata tambari, in ta gaza ba ta shiga kasuwa. Shi kansa, da furfurarsa da sunansa, ba shi da ikon miƙa wa saurayin nan bindiga sai ta bi ta can. Wasu maƙeranmu kan ɗaure sabuwar bindiga a jikin itace su ja kunama da doguwar igiya daga nesa, kuma hankali ne ya kawo haka. Sai dai in an yi ba shaida, in ba a yi ba ma ba mai tambaya. Washegari na sa aka kai ni dandalin na ga ginshiƙin da idona, na daɗe a gindinsa.

Kafin mu fita daga shagon na hango wata doguwar bindiga rataye can sama, ƙotarta da jan fenti, mai ƙyastu. Gabana ya faɗi, domin irin ta kakana ce sak, har lanƙwasar kunamar. Dattijon ya sauko da ita ya ce irin waɗannan Liyej ta ƙera su da ɗimbin yawa saboda kasuwar Afirka, har cikin ƙarni na 20, lokacin da Turai ta daɗe da barin su. Dalili kuwa, yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Burasels a 1890 ta hana shigar da bindigogin zamani yawancin Afirka, ta bar mana masu ƙyastu da albarushin fatauci. Shekara tara bayan haka, a 1899, mutanen Lugu a ƙasar Arewa, can arewa da mu, a ƙarƙashin Sarauniyarsu suka tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, yawancinsu da baka da kibiya. Na juya bututun jar bindigar. Ita ma da tambarinta. Ko wadda aka yi don a sayar mana da arha, sai da aka gwada ta.

Akwai wata budurwa a ƙarshen teburin da tun shigowarmu ba ta ɗaga kai ba, tana ƙwanƙwasa wani ɗan kurfi da 'yar guduma, ƙarar kamar ta agogo. Na nemi izini na leƙa. Ganye take fitarwa a jikin ƙarfe, kowane da jijiyarsa. Na tambaya ko 'yar maigidan ce, aka ce a'a, mahaifinta direban bas ne. Makarantar Léon Mignon ta gama, wadda aka kafa a garin tun 1897, inda ake koyar da ƙirar bindiga da zanen ƙarfe, har daga wasu ƙasashe ana zuwa. A wurinmu ƙira gado ce, ɗan maƙeri ke zama maƙeri, mace kuwa ba ta zama a bakin wuta. Gadon yana da albarkarsa, amma na san gidajen ƙira a yankinmu da 'ya'yan suka tafi Kwatano da Legas, tsohon ya rasu, sanin ya bi shi kabari. Makaranta ba ta mutuwa da mutuwar malami ɗaya.

Ranar da zan koma Burasels muka biya ta Herstal, a gefen garin, muka tsaya a ƙofar masana'antar FN. An kafa ta a 1889 don ƙera wa sojojin Beljiyam bindigogin Mauser 150,000, kuma a nan shahararren mai ƙirƙira ɗan Amurka, John Browning, ya yi aiki har ajalinsa ya same shi a 1926. Girman wurin ya burge ni, amma zuciyata ba ta sake ba kamar a shagon dattijon. Daga nan bindigar yaƙi ta FAL ta fita zuwa ƙasashe da dama, har da na Afirka. Ni kuma na fito daga yankin da a shekarun nan mutane ke kwana da fargaba a kan iyakar Dosso da Kabi da Sakkwato. Makaman da ke hannun masu tayar mana da hankali na masana'antu ne, irin su Kalashnikov da suka bazu a Sahel bayan rushewar Libiya a 2011, ba aikin tsohon da ke bayan gidanmu ba. Duk da haka shi ne ya fi saurin shiga zargi, shi ya sa wanda ya iya ma yake ɓoyewa, kuma aikin ɓoye ba mai duba lafiyarsa.

Nijar na da hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994, kuma akwai cibiyoyin koyon sana'a a ƙananan hukumomi. Abin da na gani a Liyej ya tabbatar mini cewa a san maƙeri ya fi a kore shi cikin duhu. Ina roƙon gwamnan jihar Dosso da sarakunanmu na gargajiya su zauna da sarakunan maƙera da na maharba, a rubuta sunan duk mai wannan sana'a, kowace bindigar farauta ta sami lamba da sunan mai ita, a kuma samar da wuri ɗaya, ko a Gaya ko a Dosso, inda za a gwada ta a buga mata tambari kafin ta shiga hannun ɗan kowa. A fara da Zabori da Karakara da Junju.